Kafin Ka Sa Hannu, Yaya

   

Na duba takardar da abokan haɗin gwiwarku na nan Ingila suka aiko, wadda ka ce ta ɗaure maka kai: ku kuna maganar binciken irin gero mai jure fari, su kuwa tambayarsu mata nawa ne a tawagarku, kuma wane tanadi kuka yi wa masu buƙata ta musamman. Har ka ce ko da wata a ƙasa. Ba a kanku aka fara ba, mu ma a sashenmu ba a neman kuɗin bincike sai an amsa irin waɗannan tambayoyi.

Tushen abin doka ce ta 2010 wadda ta hana nuna bambanci a wurin aiki da makarantu bisa abubuwa tara, ciki har da shekaru, naƙasa, launin fata, juna biyu da addini. Akwai na cikinsu da ba su dace da tarbiyyarmu ba, ka san abin da nake nufi. Amma dokar nan ce ta tsaya mini nake shiga aji da hijabina ba mai ɗaga mini gira, ga kuma ɗakin salla a harabar jami'a, in lokacin azahar ya yi na sauka na yi abina. Sun ce kowa ya riƙe aƙidarsa, wulaƙanta abokin aiki ne ba su yarda da shi ba. Da wannan sharaɗin nake zaune da su lafiya.

Su jami'o'in tun kafin dokar suna da wani shiri mai suna Athena SWAN, da aka kafa a 2005 don ƙarfafa mata a fannin kimiyya. Sashe zai ƙirga mata nawa ya ɗauka, nawa aka ƙara wa girma, nawa suka ajiye aiki bayan haihuwa, ya faɗi gyaran da zai yi, sai a ba shi lambar tagulla, ko azurfa, ko zinare. Da fari masu sha'awa kawai ke shiga. A 2011 babbar jami'ar lafiya ta Ingila, Sally Davies, ta ce makarantar likitancin da ba ta da lambar azurfa kada ta sa rai da wasu manyan kuɗaɗen bincike na gwamnati. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza: nan da nan farfesoshin da ba su taɓa leƙa irin waɗannan kwamitoci ba suka zama 'yan gaba-gaba. An janye sharaɗin a 2020, amma ƙirgan ya riga ya zama jiki. Kada ka ɗauka wai zukatansu sun fi namu tsarki, Yaya. An dai ɗaura abin da kuɗi ne, aka kuma tilasta rubuta alƙaluma inda kowa zai gani.

Alƙaluman ma sukan tona musu asiri. A 2019 wata mai bincike, Nicola Rollock, ta fitar da rahoto a lokacin da mata baƙar fata masu muƙamin farfesa a duk Birtaniya 25 ne kacal.

Kuma mu ba baƙi ba ne a wannan magana. Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya na Najeriya, kashi 45 na cancanta, 35 na yankin da jami'a take, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi, ai shi ma yunƙuri ne na buɗe ƙofa ga wanda tarihi ya rufe wa. Da yawa daga 'yan Arewa ta nan suka shiga. To me zai sa mu ji zafi don an tambaye mu ina mata, ina makafi da kurame?

Inda nake so ka buɗe ido shi ne, daidaiton nasu yakan gaji kafin ya ƙetare teku. A shekarar 2019 ɗin dai wasu 'yan majalisar Birtaniya suka fitar da rahoto cewa ana hana 'yan Afirka bizar ziyara fiye da ninki biyu na sauran jama'a, har da malaman jami'a da aka gayyato taro. A 2021 gwamnati ta rage tallafin da take ba ƙasashen waje daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, aka zaftare ayyukan bincike na haɗin gwiwa ana tsakiyar yi. Farfesan nan albashinsa bai taɓu ba. Matasan da aka ɗauka aikin tattara bayanai a ƙasashen abokan hulɗa su suka kwana a ciki. Na kuma ga aikin da mutanenmu suka sha rana a ƙauyuka, suka yi hira da manoma, suka yi tafinta, da maƙala ta fito sai ga sunayensu a sakin layin godiya.

Su kansu sun san da wannan. Shi ya sa a watan Yulin 2023 aka ƙaddamar da wata yarjejeniya a Windhoek ta Namibiya kan gyara haɗin gwiwar bincike da Afirka, da hannun Ƙungiyar Jami'o'in Afirka da jami'o'in Bristol da Cape Town. Ka nemo ta ka karanta, za ta ba ka bakin magana.

Saboda haka ka amsa tambayoyinsu tsakani da Allah. In mace ɗaya ce cikin tawagar, ka rubuta ɗaya, ka kuma tambayi kanka ina ɗalibanka mata masu ƙoƙari suka maƙale bayan digiri na biyu. Galibi aure ne da goyo, da tarurrukan da ake sa wa bayan magariba. Wannan gyara ba ya buƙatar fam ko dala.

Sannan kai ma ka tura musu naka tambayoyin. Wa ya zaɓi batun binciken? Kashi nawa na kuɗin zai shiga asusun jami'arku? Ina za a ajiye samfurin iri da bayanan manoma, kuma wa ke da ikon buɗe su? Sunan wa zai zo farko a maƙala? In kuɗi sun yanke, wa zai biya ma'aikatan fili? Kada ka yarda da alkawarin baki, a rubuta komai a yarjejeniyar. In ka samu daftarin ka turo mini ta WhatsApp, na duba shi a ƙarshen mako.

Ka gaishe da Anti, ka ce mata yajin ya iso. A taya ni da addu'a, sanyi ya fara shigowa.

Ƙanwarka.