Kunnen da ke Bayan Lamba 18

Yawancinmu mun san lambobin nan tun muna ƙanana: 17 ta ƴan sanda, 18 ta ƴan kashe gobara, 15 kuma ta motar asibiti, ko da yake ita wannan mutanen Yamai suka fi cin moriyarta. Lambar aka koya mana. Ba a koya mana abin da za mu faɗa in an ɗaga ba, kuma ban taɓa jin ana maganar shi mai ɗagawar ba: wane ne, wane harshe yake ji, wa ya koya masa saurare. Alhali komi tsadar mota, komi tsawon eriya, in mai kira da mai amsawa ba su fahimci juna cikin minti guda ba, motar tana nan ajiye a inuwar bedi.

Ni ɗan Tebaram ne, yamma da Tawa, ina karatun ilimin harshe a Jami'ar Abdu Mumuni. A Turai da Amurka akwai mutanen da sana'arsu ke nan ɗungurungum. Hukuma ta ɗauko su, su tsara mata yadda ƴan sanda da asibiti da ƴan gobara za su riƙa magana da juna ta rediyo, inda za a kafa eriya, wace tasha ce ta wa, wa zai amsa kiran jama'a, da tambayoyin da zai yi bi da bi. Rabin aikin ƙarfe ne da waya da batir. Ɗaya rabin kuwa namu ne, mu masu karatun harshe, kuma shi ne ba a cika waiwaya ba a wajenmu.

Ranar 25 ga Janairu 1990 wani jirgin sama na kamfanin Avianca da ya taso daga Kolombiya ya faɗi kusa da birnin New York, saboda mai ya ƙare masa. Mutum 73 suka rasu. Jirgin ya daɗe yana kewaya yana jiran izinin sauka. Matuƙan sun gaya wa masu kula da zirga-zirgar sama cewa mai yana ƙare musu, sun kuma roƙi a sa su gaba. Sai dai ba su furta kalmar da dokar rediyon jirage ta tanadar wa wanda ke bakin halaka ba. Kalmar, mayday, daga Faransancin da muka sha a lakkol ta fito, m'aider, wato a taimake ni, kuma sau uku ake faɗarta. Da an ji ta, kowa ya yi shiru a tashar, a buɗe hanya. Su sun yi magana ta ladabi, mai saurarensu kuma ya ɗauke ta roƙon alfarma irin wanda ya saba ji kullum.

Da na karanta labarin nan, "da sauƙi" ce ta faɗo mini a rai. Ka tarar da mutum kwance, ko kai ba ya iya ɗagawa, ka ce ya jiki, a ce maka da sauƙi. Ba ƙarya aka yi maka ba, addu'a ce da tarbiyya. In kana wurin, kana gane nauyinta daga yadda mai faɗar ya sunkuyar da kai. To waya ba ta ɗauko sunkuyar da kai. Maciji ya sari yaro da dare, a ce igiyar ƙasa ta taɓa shi, don ba a son kama sunan. Mace na naƙuda, a ce tana kan gwiwa, mijinta kuwa ko wannan ba ya iya faɗa gaban manya, iyakarsa "mutanen gidan ne ba su jin daɗi". Uwar da ke kunyar ɗan fari ba za ta faɗi sunansa ba ko da mai rubutu na asibiti yana riƙe da alƙalami yana jira. Duk wannan kyawun harshenmu ne, ban ce a zubar da shi ba. Amma a kunnen wanda bai san mu ba, duk yana sauka a matsayin "babu gaggawa".

A hutun da ya wuce na kwana a tungar kawuna. Bayan lisha matar ƙanensa, mai tsohon ciki, jini ya ɓalle mata. Kawu ya hau tudun da ake samun rezo, na bi shi da cocila, ya kira majo na asibitin da ya fi kusa da su. Sallama, ina wuni, ya aiki, ya iyali, ya ruwa. Gaisuwar kaɗai ta kusa cinye minti guda. Sannan ya ce, "Wallahi majo, mai ɗakin ƙanena ta ba ta ɗan jin daɗi. Amma da sauƙi."

Majo bai ce Allah ya ƙara sauƙi ya ajiye ba. Ya ce, "Baba, tana da ciki? Wata nawa?" Kawu ya ce ya kai takwas. "Akwai jini?" Kawu ya yi shiru. Sai na ji majo ya ce, "Baba, babu wata tsohuwa kusa? A ba ta wayar." Na ruga na taho da inna, tana haki.

"Inna, zane nawa ta jiƙa?"

"Ukku, ɗana. Ga na huɗu nan."

"In kin kira ta tana amsawa?"

"Sama-sama."

Ya ce a kwantar da ita ta gefen hagu, kar a ba ta komi ta sha, kuma wani ya tsaya bakin hanya da fitila don direba ya gane mashiga. Sannan ya ce, "Inna, mi na ce?" Ta maimaita masa duka ukun. A daren aka wuce da ita Tawa. Ita ta tashi, jaririn bai zo da rai ba.

Na yi kwanaki ina juya wannan kira a kaina, irin yadda malamanmu ke sa mu warware hira jimla-jimla. Ko sau ɗaya mutumin nan bai tambayi "ya jikin" ba, don ya san amsar da zai samu. Abin da ake ƙirgawa ya tambaya: wata nawa, zane nawa, tana amsawa ko ba ta amsawa. Kunya ba ta hana mutum ƙirga zane. Ya kuma gane daga shirun kawu cewa dattijo ba zai yi maganar jinin matar ƙanensa ba ko sama da ƙasa za su haɗe, sai ya canza mai magana maimakon ya matsa masa. Wannan ƙwarewa ce, daidai da ta mai kafa eriya. Bambancin kawai, ita ba a rubuce take ba. Shekarun zama da mutane ne suka ba shi. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, ta bi shi cikin jaka, wanda zai maye gurbinsa kuma wataƙila saurayi ne daga Doso ko Difa, Hausarsa ta kasuwa ce. Ba laifinsa ba ne in ya ji "da sauƙi" ya ce a kawo ta da safe.

Sai kuma maganar "kuna ina". A ƙasashen da kowane gida ke da lamba, tambaya ce ta daƙiƙa biyar. Mu a Adar, Tungar wane da Gidan wane sun fi a ƙirga, kuma suna ɗaya kan maimaitu a wuri biyu ko uku. Kwatancenmu da rijiya ne, da kwari, da gabas da gusum. Bayan damina, in ciyawa ta bushe wutar daji ta tashi can arewa wajen Tilliya ko Cintabaraden ko Abalak, makiyayi ne ke fara hango hayaƙi, kuma da sunan da ya sani zai kira wurin, na Tamajak ko na Fulatanci. Taswirar da ke bangon ofis kuwa kunnen Bafaranshe ne ya rubuta ta. Shi ya mai da Tawa Tahoua, Ƙwanni ta koma Konni, Madawa ta zama Madaoua. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu tsawon wasali. Manyan garuruwa ba su ɓata, kowa ya san su. Amma rijiyar da ke da suna uku a baki da na huɗu a takarda, wuta na iya cinye makiyayar kaka guda kafin a daidaita a kan wace ake nufi.

Ko lamba ma ba ta tsira ba. Lambobin salularmu takwas ne, muna faɗarsu bibbiyu da Faransanci. Wani ya ce maka soixante-seize a layi mai yankewa: 76 ke nan, ko 60 da 16? In ka koma Hausa, biyu da biyar kansu ɗaya, wutsiyar ce ta raba su, kuma wutsiyar layi ke fara haɗiyewa. Sittin, saba'in, tamanin, tis'in, duk bakinsu ɗaya a ƙarshe. Layin waya na gargajiya da rediyon hannu suna yanke sautin da ya haura wajen hertz 3400, a can sama kuwa bambancin s da f yake zaune. (Mu da ke cewa lahiya da tahiya mun huta da rabin wannan wahala, ƴan Damagaram sai su ji da kansu.) Shi ya sa masu aikin rediyo ke faɗar lamba ɗaya bayan ɗaya, mai karɓa kuma ya maimaita. Maimaitawar ba baƙuwarmu ba ce. Duk wanda uwarsa ta taɓa aika kasuwa ya san "mi na ce maka?" kafin ya fita zaure.

Na san wani zai ce mi ya kawo zancen rediyo yanzu da kowa ke da salula. Wanda ya taɓa hawa tudu da dare yana ɗaga waya sama ba zai yi wannan tambaya ba, mu kuma maƙwabtan Tilliya mun san abin da dare babu rezo yake nufi. Tun kafin salula ta iso karkara, a gundumar Walam an haɗa ƙananan asibitoci da babban asibitin gunduma ta rediyo mai aiki da hasken rana, ana kiran mota da ita. Rediyo ba ta cin kiredi, kuma in mutum ɗaya ya yi magana duk wanda ke tashar ya ji, ba sai an bi su ɗaya-ɗaya ba. Amma tana da doka mai wuya gare mu: ka danna ka yi magana, ka saki ka saurara, mutum biyu ba su magana tare. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife, jirage biyu ƙirar Boeing 747 sun yi karo a filin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Cikin abubuwan da suka jawo haka, murya biyu sun hau tasha lokaci guda, ƙara ta haɗiye umarnin da ke cewa a dakata. Yanzu ku tuna yadda muke gaisuwa, kowa na jera tasa a kan ta ɗan'uwansa, babu mai jiran wani.

A watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Na ji ana murna, na ji ana ƙorafi. Ni inda zan auna abin shi ne ɗakin amsa kira. Tsorona biyu ne. Kar a zauna a ofis a ƙago wasu dogayen kalmomi da babu tsohuwar da ta taɓa ji a Tebaram, a ce ita ce Hausar gaggawa. Amurkawa ma da suka daɗe suna magana da lambobin sirri a rediyo, bayan harin 11 ga Satumba 2001 da guguwar Katrina ta 2005 gwamnatinsu ta matsa a koma magana a sarari duk lokacin da hukumomi suka haɗu kan aiki ɗaya, don lamba guda kan ɗauki ma'ana daban a kowace ma'aikata. Na biyu, a jihar Tawa ɗakin da ba shi da mai jin Tamajak da Fulatanci ya rufe kunne ga mutanen da suka fi kowa nisa da asibiti.

Na sayi kaye na dala arba'in na fara tarawa. Shafin hagu abin da mutane ke faɗa, shafin dama tambayar da ke fito da gaskiyar lamarin ba tare da an kunyata kowa ba. Ƙarƙashin "igiyar ƙasa" na rubuta: a wace gaɓa, tun yaushe, kumburin ya kai ina. Ƙarƙashin "jikinsa ya yi zafi" na yaro: yana shan nono, ya sanƙare ko bai sanƙare ba. Na nuna wa wata ƴar'uwa mai karatun likita, ta soke mini biyu ta ƙara huɗu. Ku da za ku gida hutu, Buza ko Keita ko Illela, ku zauna da ungozoma da direban motar asibiti, ku rubuto yadda ake faɗa a garinku, musamman masu jin Tamajak da Fulatanci, don shafukansu a kayena har yanzu farare ne.

Wadda ta tsaya mini a yanzu ita ce "ya faɗi". A wajenmu tana nufin ya faɗo daga bisa icce ko raƙumi, tana nufin farfaɗiya ta kayar da shi, tana nufin ya suma, wani lokaci kuma dattijo kan faɗe ta don bakinsa ya kasa cewa an rasu. Tambayar da na rubuta a gabanta ita ce "yana numfashi?", ƴar'uwar nan kuwa ta ce mutum a ruɗe zai ce e ko bai duba ba, gara a ce masa ya ɗora hannu bisa cikin ya faɗi in yana motsi.