Albarkacin Ƙadangare

Mu da muka tashi a zamanin da ƙiba ita ce shaidar jin daɗi, abin mamaki ba ya ƙare mana. A da idan amarya ta yi wata uku a ɗaki ba ta murje ba, sai dangi su shiga tambayar ko lafiya, har ta kai 'yan mata na haɗiyar ƙwayoyin sha-ka-fashe don kumatu su ciko. Yau kuwa reshe ya juya da mujiya. Duk inda muka leƙa, TikTok ne ko Instagram, sai mu ga wata ta jera hotuna biyu, na da da na yanzu, tana rantsuwa cewa allurar feftayid ce ta zabge mata teɓa, ga kuma lambar waya ga mai so.

Da yake da kalma muke cin abinci, kalmar muka fara bi. Feftayid sunan dangi ne na ƙananan sinadarai masu yawan gaske, insulin ɗin masu ciwon suga ma yana cikinsu. Wanda ya ce maka maganinsa feftayid ne tamkar ya ce maka ganye ne, alhali zogale ganye ne, zaƙami ma ganye ne.

A cikin dangin akwai masu asali. Hanjin ɗan Adam yana fitar da wani sinadari mai suna GLP-1 bayan cin abinci, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi, sai dai cikin 'yan mintoci yake narkewa. A 1992 wani likita a Amurka, John Eng, ya bayyana makamancinsa mai daɗewa a jiki, wanda ya gano a dafin wani ƙadangaren hamada da ake kira Gila, kuma daga nan aka sami maganin suga da aka amince da shi a 2005. Bahaushe ya ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, to a nan albarkacin ƙadangare mutane suka sha. Bayansa ne kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Danmak ya fito da Ozempic a 2017 don masu suga, sannan Wegovy a 2021 don rage ƙiba, dukkansu sinadari ɗaya, allura sau ɗaya a mako.

Wannan kam an gwada shi. Binciken da aka buga a 2021 ya ɗauki mutum 1,961 tsawon mako 68. Waɗanda aka yi wa allurar sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu, waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a ciki kuwa kashi 2.4. Amma mai karatu ya lura, masu ƙiba ce ta gaske aka zaɓa, ana lura da cimarsu da motsa jikinsu, likitoci na kansu, kuma kamfanin ne ya ɗauki nauyin aikin. Babu wata siririya a cikinsu da ke neman shiga ɗinkin biki. Da yawa sun sha fama da tashin zuciya da amai da gudawa, wasu har da tsakuwar matsarmama. Abin da masu hotuna biyu ba sa faɗa shi ne hoto na uku: da aka bi sawun wasu daga cikinsu shekara guda bayan daina allurar, kashi biyu cikin uku na nauyin da ya tafi ya dawo.

Haka batun zuciya. Ana ta yayata cewa allurar na rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kashi 20, kuma gaskiya ne, binciken 2023 a kan mutum 17,604 ya nuna haka. Sai dai duk masu ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini ne tun farko, kuma ma'anar lissafin ita ce daga mutum 8 cikin ɗari ya sauko zuwa 6 da rabi.

To, a bayan waɗannan ne sauran suke rakuɓewa. Akwai AOD-9604 da ake wa kirari da mai ƙone kitse, alhali kamfanin Ostireliya da ya ƙirƙiro shi ya jingine shi tun 2007, bayan gwaji a kan mutum sama da 500 ya kasa nuna amfani. Akwai kuma na jabu tsagwaronsa. A 2023 an kwantar da mutane a asibiti a Ostiriya bayan sun yi allurar Ozempic ta bogi, sukarin jininsu ya faɗi warwas, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan irinta da aka kama a Barazil da Birtaniya da Amurka.

Wanda ya fi ɗaure mana kai shi ne ƙananan kwalaben garin da ake aikowa mutum ya dama da kansa ya tsira wa cikinsa. A jikin yawancinsu an rubuta da Turanci ƙarara cewa don bincike ne kawai, ba don jikin ɗan Adam ba, kuma mai sayarwar da kansa ya manna takardar.