Daga Kasabalanka Zuwa Marrakesh: A Kan Sawun Malamai Da Fatake

Duk wanda ya shimfiɗa taswirar Maroko da niyyar zuwa ganin kayan tarihi, kwaɗayi ne zai fara kama shi. Ga Tanja, mahaifar Ibn Baɗuɗa, ga Shafshawan mai shuɗayen gidaje, ga Miknas, ga Fas, ga Marrakesh, ga rairayin Marzuga. Da muka zauna tsara tafiyarmu ni da kawuna, garuruwan da na jera sun fi ƙarfin hutuna da kuma guzurinmu. Kawu ya tsufa a fataucin fata a Kano, kuma babban burinsa shi ne ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas. Ya dubi takardar ya ce, "Ɗana, taura biyu ba ta taunuwa. Garin da ba ka yi asuba da magariba a cikinsa ba, wucewa ka yi."

A kan wannan magana muka gina tsarin. Kowane gari sai ya zo da dalilinsa kafin ya shiga jeri. Sannan sai wanda layin dogo ya ratsa, domin dattijo ba zai jure zaman mota a hanyoyin duwatsu ba. Kasabalanka da Rabat da Fas da Marrakesh suka rage, muka ware wa Fas kaso mafi tsoka na kwanakin, muka kuma daidaita lissafi yadda Juma'a za ta riske mu a can. Watan Oktoba muka zaɓa, saboda a Yuli da Agusta zafin Marrakesh kan haura digiri 40, a Janairu kuwa sanyin Fas na shiga ƙashi. Biza da masauki da tikitin jirgin ƙasa duk mun gama da su tun muna gida.

Kasabalanka garin kasuwanci ne, ba mu daɗe ba. Abin da ya tsayar da mu shi ne Masallacin Hassan na Biyu, wanda aka kammala a 1993, da hasumiyarsa mai tsawon kimanin mita 200, wani sashensa kuma a kan Tekun Atlantika yake zaune. Daga nan tafiyar kamar awa ɗaya ce zuwa Rabat, fadar mulki. A can muka tsaya gaban Hasumiyar Hassan, wadda Sarkin Muwahhiduna Yaƙubu al-Mansur ya soma ginawa da niyyar ta zama ta masallaci mafi girma a zamaninsa. Da ya rasu a 1199 aikin ya tsaya, hasumiyar ta tsaya a mita 44, ginshiƙan masallacin kuma suna nan jere a fili babu rufi. Daura da su kabarin Sarki Muhammadu na Biyar yake, wanda ƙasar ta sami 'yanci a hannunsa a 1956. Jirgin nan mai gudun tsiya, Al Boraq, da aka buɗe a 2018, yana bi ta Rabat ya nufi Tanja. Muka bar shi ya wuce, muka hau na gabas.

Tafiyar kusan awa uku ta kai mu Fas. Tasi ta ajiye mu a Ƙofar Bu Jalud mai shuɗin ado, domin mota ba ta shiga tsohon birni. Wani matashi ya loda jakunkunanmu a baro, muka bi shi muna gangarawa ta Ɗala'a Kabira. Lungunan sun tuna mini da cikin Kasuwar Kurmi, sai dai waɗannan hawa da gangara ne, kuma gidaje masu bene sun rufe sama. Idan ka ji an yi ihu "Balak!" to ka manne da bango, alfadari ne ɗauke da tukwanen gas ko ɗanyun fatu. Masaukinmu irin gidajen da suke kira riyad ne: daga waje ƙofa ce kawai a jikin bango, da ka shiga sai ga tsakar gida da maɓuɓɓugar ruwa da itacen lemo. Kwana a cikin ganuwa ya fi na otal ɗin sabon gari tsada kaɗan, amma shi ya ba mu damar zuwa masallaci da ƙafa kafin gari ya waye.

Idirisu na Farko ne ya kafa Fas a 789, ɗansa Idirisu na Biyu ya raya ta. A 859 wata baiwar Allah, Faɗimatu al-Fihriyya, ta sa dukiyar gadonta ta gina Masallacin Ƙarawiyyina, wanda ya zama cibiyar karatun da har yau ba ta mutu ba. A nan muka yi magaribar farko. Ana sallamewa sai mutane suka yi da'ira, suka ɗauki izu ɗaya baki ɗaya da murya guda. Haka al'adar masallatan ƙasar take: izu ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan magariba, wata na ƙarewa an sauke. Da ruwayar Warshu suke karatu. Kawu bai nemi mushafi ba, ya gyara zama ya shiga cikinsu kamar tare suka tashi. Ni na ɗauko ɗaya daga kanta, na buɗe, sai ga fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, daidai yadda malaminmu na allo yake rubuta mana da tawada. Mazhabar Malikiyya ce a nan, ita ce kuma a gida. Wanda ya yi karatun zaure ba baƙo ba ne a wannan masallaci.

Ranar Juma'a shaguna da yawa suka rufe bayan hantsi, gidaje suka ɗora kuskus. Bayan la'asar muka nufi zawiyar Shehu Tijjani, wanda aka haifa a Ainu Madi ta ƙasar Aljeriya a 1737, ya rasu a Fas a 1815. Ba sai an nuna maka hanya ba, manyan riguna za ka bi. Mutanen Senegal da Mali da Nijar da Nijeriya sun cika wurin, Hausa da Wolof da Fulatanci na tashi a bakin ƙofa. Kawu ya yi ziyararsa, ya zauna zikirin Juma'a har faɗuwar rana, hawaye na bin gemunsa. Shekaru da yawa yana tara kuɗin wannan zama.

Washegari muka je majemar Shuwara, inda na ga Kawu a fagensa. Ana hawa benen masu sayar da kayan fata, a miƙo maka reshen na'ana'a ka kanga a hanci saboda wari. Kawu ya mayar musu da nasa yana murmushi. Daga sama ramuka ne birjik a jere, farare a gefe guda, masu launi a ɗaya gefen, majema tsundum a ciki har cinya suna tattaka fatu. A fararen ake jiƙa fata da farar ƙasa don gashi ya saki, a sa ta a ruwan kashin tattabaru ta yi laushi, kafin a kai ta ramukan jima da rini. Kawu ya karɓi wata jar fatar akuya, ya murza ta tsakanin yatsu, ya ɗaga ta ga hasken rana, ya shinshina. Ya ce da ni, "Gaya masa mu da bagaruwa muke jima, jan kuma karan dafi ne." Na fassara da ɗan Larabcina, mai shagon ya jawo kujera ya aika a kawo shayi. Hira ta kai mu ga abin da masana tarihi suka tabbatar: fatun jar akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa sun riƙa ƙetare Sahara a bayan raƙuma, suna isa Turai ta tasoshin Arewacin Afirka, Turawa na kiran su fatar Maroko. Mun kuma leƙa makarantar Bu Inaniyya ta ƙarni na 14, da dandalin Saffarin inda maƙeran tagulla ke bugun tukwane tun safe.

Daga Fas zuwa Marrakesh yini guda ne, fiye da awa shida a jirgi, kuma sai an sake bi ta Rabat da Kasabalanka. Mun san da haka tun a gida, shi ya sa ba mu ɗora wa wannan rana komai ba. Marrakesh ja ce, ganuwarta da gidajenta, kuma hasumiyar Kutubiyya mai mita 77 ita ce alamar da baƙo ke bi idan ya ɓace. Da dare dandalin Jami'ul Fana ya cika da masu wasa da maciji, masu ba da labari, masu gasa nama, da makaɗan Ginawa, jikokin bayin da aka kwaso daga ƙasashenmu na kudancin Sahara.

Dalilinmu na zuwa garin kuwa littattafai biyu ne da kowane Bahaushe ya taɓa jin ana karantawa. Kusa da Ƙofar Ailan muka ziyarci kabarin Alƙali Iyal mai Ashafa, wanda ya rasu a 1149, sannan muka je na Imam Jazuli mai Dala'ilu. Su biyun suna cikin waliyyai bakwai da garin ke alfahari da su. Daga nan muka shiga kangon fadar Badi'i, wadda Sarki Ahmadu al-Mansur ya soma ginawa a 1578. Shi ne ya tura rundunar da ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591. Cikin waɗanda aka kamo aka kawo Marrakesh a 1594 har da Shehu Ahmadu Baba na Tumbutu, wanda ya koyar a nan kafin a bar shi ya koma gida a 1608. Shi ne daga baya ya rubuta fatawar da ta lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a bautar da mutanensu ba. Yau fadar babu marmara babu zinariya, Sarki Isma'ila ya kwashe su zuwa Miknas, sai tsuntsaye da suka yi sheƙa a kan bangayen. Tsakaninmu da wannan ƙasa akwai zumuncin ilimi da ciniki, akwai kuma ciwo, kuma matafiyi na gari ya kamata ya dubi duka biyun.

Mutanenmu na zuwa Maroko da yawa yanzu. Dattawa su sauka a zawiyar Shehu Tijjani, su yi ziyara su juya, alhali Ƙarawiyyina na nan kusa, tafiyar 'yan mintoci da ƙafa. Matasa kuma su zaga garuruwa barkatai suna ɗaukar hoto, su dawo ba su san a gaban kabarin wa suka tsaya ba. Shawarata ga mai shirin irin wannan tafiya ita ce ya rage garuruwa ya ƙara kwanaki, ya karanta tarihin kowane wuri tun kafin ya yanki tikiti, ya nemi ɗan jagora mai lasisi a ranar farko kawai, sauran ranakun ya bi lungu da ƙafarsa. Idan da hali kuma, yaro ya tafi da dattijo: ɗaya ya riƙe waya da tikiti, ɗaya ya riƙe sanin abin da aka je gani.