Kafin Ka Bari a Yanka Wayar Motarka Don Sa Rimot

Yawancinmu da ke zaune a nan Legas, daga Agege zuwa Mile 12, daga Idi-Araba zuwa Alaba Rago, tsofaffin motoci muke hawa. Wani Golf 3 ce da shi, wani Camry mai siririn fitila, wani Honda ce da ake kira Baby Boy, har yanzu ma akwai dattawan da ba su rabu da Peugeot 504 ɗinsu ba. Motocin nan suna mana aiki, ba mu raina su ba. Amma akwai abu ɗaya da kusan kowa a cikinmu ya taɓa sha'awa: ya sauko daga mota, ya danna ɗan rimot, fitila ta ƙifta, ƙofofi huɗu su kulle lokaci guda.

Sha'awar nan tana da dalili. Wanda ya ɗauko kwandon tumatir a hannu ana tafka ruwan sama ya san wahalar laluben ramin makulli. Wanda yake kai yara makaranta ya san yadda ake zagaya mota ana danna ƙofa ɗaya bayan ɗaya, ƙarshe a manta ta baya a buɗe. Ga kuma ramin makullin kansa, wanda bayan shekara ashirin ya side, sai an yi ta jijjiga kafin ya juya. Shi ya sa da yawanmu muka je Ladipo ko wajen mai wayarin na unguwa aka sa mana rimot. Wasu sun ji daɗinsa shekara da shekaru, wasu kuma tun ranar da aka sa shi motar ba ta ƙara lafiya ba. Da muka zauna muka kwatanta, sai muka ga bambancin yana wajen hannun da ya taɓa wayoyin, fiye da kwalin da aka sayo.

Abin ba sabo ba ne a duniya. Tun 1982 motar Renault Fuego ta Faransa ta fito da rimot na buɗe ƙofa, irin na talabijin, wanda sai ka saita shi daidai da mota kafin ya yi aiki. Na yanzu da igiyar rediyo suke aiki. Motocin Amurka da Japan galibi a kan megahaz 315 suke, na Turai a kan 433, kuma yawancin waɗanda ake sayar mana a kasuwa 433 ne. In ka buɗe kwalin za ka tarar da rimot biyu, da ɗan baƙin akwati wanda masu aikin ke kira ƙwaƙwalwa, da damin wayoyi. Ka danna rimot, akwatin ya ji saƙo, ya tura wuta na ɗan lokaci zuwa ƙofofi. Iyakar aikinsa ke nan.

Abu na farko da ya kamata mai aiki ya gano kafin ya ɗauki almakashi shi ne irin motar da ke gabansa, domin iri uku ne.

Akwai wadda ta zo daga kamfani da makullin da ke kulle duka ƙofofi da wuta, rimot ɗin ne kawai babu ko ya ɓace tun kafin ta iso tashar jirgin ruwa. Wannan aikinta ya fi sauƙi, waya biyu ake nema, ta kullewa da ta buɗewa. Sai dai wata motar da wutar batir ake taɓa wayar, wata kuma da jikin ƙarfen mota ake haɗa ta, kamar yawancin motocin Japan. In aka juya su, fiyus ya ƙone, ko abin da ya fi fiyus tsada.

Akwai wadda kowace ƙofa da hannu ake kulle ta. Ita sai an kwance rufin ƙofa an ɗaura ɗan inji mai tura sanda a ciki. Na ƙofar direba yana da waya biyar, saboda shi ne ke gaya wa sauran an kulle ko an buɗe, sauran ukun kuma waya bibbiyu. A nan ake gane gwani. Dole ɗan injin ya tsaya a layi ɗaya da sandar makullin. In ya karkace, zai riƙa ja da ƙyar, bayan 'yan watanni haƙoransa na roba su cinye.

Ta ukun ita ce mai aiki da iska, kamar Marsandi V-Boot da 190 da Golf 3. Waɗannan suna da ɗan famfo da ke hura iska ko zuƙe ta ta cikin siraran bututu. Famfon yana buƙatar wuta ta kai daƙiƙa uku ko sama, alhali akwatin rimot yakan zo a saite kan ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Akwai ɗan maɓalli ko mahaɗi a jikin akwatin na canza wannan. Wanda bai sani ba sai ya ce famfonka ya mutu, ya fige bututun duka, ya sa ka sayen abin da ba ka buƙata.

Idan aka zo haɗa wuta, ka tsaya a wurin, kada ka tafi shan shayi. Jar waya tana zuwa inda wutar bolt 12 ba ta yankewa ko an kashe mota, kuma lallai a sa mata fiyus kusa da inda aka ɗebo wutar. Baƙar waya tana zuwa jikin ƙarfe wanda aka kankare fentinsa aka ɗaure da noti. Duk inda aka haɗa waya biyu, a like da dalma a rufe da kyau. Abin da muka saba gani shi ne a fere waya da haƙori, a murɗa, a naɗe da salatif. Zafin Legas yana narkar da gam ɗin salatif, gargadar hanya ta kwance murɗin, wata rana ka ji ƙauri daga ƙarƙashin sitiyari. Mun ga motar ɗan uwanmu da wayoyin gabanta suka narke a kan hanyar Ikorodu saboda an ɗebo wuta babu fiyus, kuɗin gyaran ya ninka kuɗin rimot ɗin sau da yawa.

Wayar da za ta shiga ƙofa, ta bi ta cikin robar nan da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. In aka ratsa da ita ta gefe, kowane buɗewa da rufewa yana cizonta har ta tsinke. In motarka tana da jakar iska ta kariya a sitiyari, wayoyinta galibi ruwan ɗorawa ne, ka hana kowa soka musu fitilar gwaji. Ita kuwa 'yar siririyar wayar da ke lilo a jikin akwatin, wadda tsawonta bai wuce santimita 17 ba, eriya ce. Kada a yanke ta don ado, kada a naɗe ta, kada a manna ta da ƙarfe, in ba haka ba sai ka zo dab da mota kafin rimot ya ji.

Sai maganar batir, wadda ta fi shafar mu masu tafiya gida. Akwatin rimot ba ya barci, kullum yana sauraro, don haka kullum yana shan wuta kaɗan. Mota mai lafiya da aka kashe, abin da take sha bai kamata ya wuce miliamfa 50 ba. In aiki ya ɓaci tana shan 200, a kwana bakwai ta cinye fiye da rabin batir mai amfa 60. Ka tafi Kano ko Sakkwato hutun Sallah na mako biyu, ka dawo ka tarar ko fitila ba ta kawowa. Ka sa mai aikin ya auna da mita a gabanka kafin ka biya shi. In za ka yi doguwar tafiya, ka cire kan batir, ka kulle da makulli.

Yanzu ga inda muke so a natsu. Da yawanmu muna ɗauka tunda mota ta yi ƙara ta ƙifta fitila, to ta tsaru. Rimot masu araha saƙo ɗaya suke aikawa kullum, ba ya canzawa. Akwai rimot na kwafi a kasuwa da ke ɗauke wannan saƙon cikin 'yan daƙiƙu, in naka ya shiga hannun wani a wajen wankin mota ko gareji. Mai kyau shi ne wanda lambarsa ke canzawa duk lokacin da aka danna. Gwajin da sauƙi: ka ce mai shago ya gwada kwafe shi. In kwafin ya buɗe motar sau bayan sau, ka san irin wanda ka saya. Bayan an gama aiki kuma, ka sa a goge duk rimot ɗin da akwatin ya sani, a sake koya masa naka biyu kaɗai a gabanka.

Ɓarayi kuma suna da na'urar da ke toshe saƙo. Ka danna kana tafiya kana waya, motar ba ta ji ba, ka bar ta a buɗe da jakarka a ciki. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo: ka ja hannun ƙofa ka tabbatar kafin ka juya baya.

Akwai saiti biyu da ya kamata ka yanke shawara a kansu da kanka. Na farko, ƙofofi su kulle da zarar an tada mota. Wannan yana da amfani ƙwarai a gosulon Oshodi ko Apapa, inda ake fizge ƙofa a ɗauke waya. Amma ka gwada ka ga kana iya buɗe kowace ƙofa da hannu daga ciki ba tare da wahala ba, domin ranar da mota ta faɗa ruwan ambaliya wuta ta ɗauke, hannunka kaɗai ya rage maka. Na biyu, motar ta sake kulle kanta bayan kamar daƙiƙa talatin. An yi shi ne don in ka danna bisa kuskure. In ba a haɗa wayar da ke gaya wa akwatin cewa an buɗe ƙofa ba, zai kulle ko da ka riga ka buɗe. Uwa ta ajiye jariri a kujerar baya, ta jefa makulli a gaba, ta rufe ƙofa don ta zagaya, mota ta kulle da yaro a ciki da tsakar rana. Mun ga an fasa gilashi a kan haka. Ko a haɗa wayar daidai a gwada sau uku, ko a kashe saitin gaba ɗaya.

Wasu akwatunan suna zuwa da wayar kashe inji. In za a sa, a sa ta a kan abin tada mota, yadda ɓarawo ba zai iya tayarwa ba. Kada a sa ta inda za ta iya kashe mota tana gudu a kan gadar Third Mainland. In kuma makullinka na asali yana da ɗan ƙwayar tsaro a kansa, kada ka yarda a cire wannan tsarin da sunan sauƙaƙa aiki, ya fi duk abin da ke cikin kwalin daraja.

Daga ƙarshe, kada ka yi watsi da tsohon makullinka. Ramin da aka shekara ba a sa masa makulli ba, ga ruwan sama ga iskar teku mai gishiri, tsatsa yake yi ya ƙame. Ka riƙa juya shi ko sau ɗaya a mako, ka ɗiga masa ɗan mai. Ka ajiye ƙaramin batirin rimot na ko-ta-kwana a aljihun mota, ko mai faɗi irin CR2032 ko ɗan dogo irin 27A, ka duba wanda naka yake ci. Rimot na biyu kuma ya zauna a gida wajen iyali.

Wanda zai sa, ya sa, abu ne mai daɗi kuma yana rage wahala. Ya dai nemi mai aikin da 'yan uwa suka gwada suka yaba, mai mita da dalma, ya biya shi haƙƙinsa ba tare da ƙwauro ba, ya kuma tsaya a kansa har ya gama. Allah ya kiyaye mana hanya, ya tsare mana dukiya da iyali.