Garin da ake ma yunwa ature

Ƴan uwa mata, mu ukku ne munka tahi Gana sarin kaya da kuɗin da munka ranta a asusun ƙungiya. Labarin sari mun riga mun ba ku a taro, da lissahinshi. Wanda munka rage shi ne na kwana biyu da munka yi a Prampram.

Mun sauka a zangon Ashaiman, kusa da Tema, wurin wata ɗiyar ƙasarmu da ta yi shekaru can tana saida ƙyafaffen kihi. Wadda take sara mata kihin ƴar Prampram ce, wani ƙaramin garin masunta a bakin teku, gabas da Ankara. Ita ce ta aiko cewa bukinsu ya zo, a taho da baƙi. Sunan bukin Homowo. Ƙabilun Ga da Dangme na wannan gaɓa su ka yin shi, gari bayan gari, cikin watan takwas zuwa na tara. Ma'anar sunan, wai yi ma yunwa ihu, kamar yadda yara ke ma ɓarawo ature. Kakanninsu sun sha wata yunwa mai tsanani, sunka shuka, Allah ya ba su, shi ne sunka ce kowace shekara sai sun yi mata dariya.

Tun da duhun asuba mata sunka tashi. Abincin ranar ana ce mishi kpokpoi, bakinmu bai iya hwaɗin sunan ba, sai munka riƙa ce mishi dambu, don dambu ne. Masara ce ake jiƙawa, a niƙa, a turara bisa tukunya kamar yadda muke yi da madambaci, sannan a murje ta da manja har ta yi ja, a tankaɗe. Miyar kuwa ta ƴaƴan kwakwar manja ce, an kirɓa an tace, an zuba kihi ba tsumulmula. Mun sa hannu wajen tankaɗe, sunka yi mamaki mun iya. Munka ce ai ɗiyan hatsi ne mu.

Da anka sauke, ba wanda ya taɓa. Yaro ko ya yi kuka ba a ba shi. Tsohon gidan ya ɗauki akushi, ya bi ƙofa ƙofa yana watsa abincin ƙasa, yana kiran sunaye. Mai masaukinmu ta raɗa muna cewa sunayen mamatan gidan ne, tun daga uban ubanshi. Ya daɗe yana kira, bai yi tuntuɓe ko sau guda ba. A waje kuma sarkin gari da mutanenshi, cikin jan tuhwa, suna zagaya unguwanni suna watsa nasu, da kiɗa a bayansu. Sai bayan nan anka zauna ci, kwano guda, babba da yaro, mai kuɗi da talaka, kowa na kai hannu.

Nan fa gardama ta tashi tsakaninmu. Babbarmu Hajiya ta ce ita ba ta ci, abin da anka ɗebi rabon matattu a cikinshi ba nata ba ne, ga shi kuma ta ga an zuba giya ƙasa wajen kiran sunayen. Ƙaramarmu ta ce masara ce da manja da kihi, ba yanka a ciki, kuma ƙin abincin mai gida a ranar bukinshi cin huska ne. Mai rubuta wannan ta tsaya tsakiya kamar jakin da anka kira gida biyu. Matar gidan ta lura. Ba ta ji haushi ba, ta ce sun saba da mutanen zango, ta kawo ma Hajiya soyayyen kihi da burodi. Mu biyu mun ɗanɗana. Har munka iso Maraɗi Hajiya ba ta bar zancen ba, kuma mun bar shi wurin malamai.

Mu dai mun sani mamaci ba ya cin tuwo. Abin da ke isa gare shi addu'a ce da sadaka, shi ya sa muke masa da hura ranar ukku, da bakwai, da arba'in. Amma bayan arba'in fa? A mota munka gwada kanmu, kowace ta lissaho kakanninta mata. Ba wadda ta wuce biyu. Matan da sunka rayar da iyayenmu cikin Kakalaba ta 1914, sunayensu sun ɓace muna. Mu kanmu mun ga El Buhari ta 1984 muna ƙanana, mun ga 2005 da goyo a bayanmu, mun ci anza da tahwasa. Ɗiyanmu ba su san komi a kai ba, don kunya muke ji, kamar yunwa laihin mai gida ne. Su can ɗan shekara shidda ya san an taɓa yin yunwa, ya san wa ya tsira da gidansu.

Washegari da sassahe kukan mata ya tashe mu, munka zaci rasuwa anka yi. Ashe waɗanda sunka rasu cikin shekarar ake tunawa. Da rana ta hito anka share hawaye, anka shiga gaishe-gaishe gida gida, masu gaba da juna dole su gaisa. Mun tambayi matar gidan wa ke biyan masara da manja da kihin nan duka. Ta yi dariya ta nuna ƙirjinta. Ta ce tun bayan bukin bara take zubi, su nasu adashin susu suke ce mishi, kuma bana kihi ya yi tsada har sai da ta rage tukunya guda.

A taron ƙungiyarmu na ranar alhamis mai zuwa, bayan an rufe akwati, mun roƙi tsohuwar da ta hi kowa shekaru a unguwa ta zo ta ba mu labarin El Buhari. Kowace ta taho da sunan kakarta da na uwar kakarta in ta samu, sakatare za ta rubuta a bayan littahin zubi. Masara mudu huɗu da mai, Hajiya ta ce ita za ta kawo, sadaka.