Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a zuci. In aka wayi gari an garƙame ofis, shin aiki zai ci gaba, ko kuwa har da shi aka kulle a ciki?

Shekarar 2020 ta ba mu amsa. Da annobar korona ta sauka, aka rufe makarantun Nijeriya cikin watan Maris, kowa ya koma gida. A duniya, masu halartar taro ta Zoom suka tashi daga miliyan 10 a rana a Disamban 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020. A nan gida ma, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta fara zama ta bidiyo a watan Mayu. Wasu jami'o'i masu zaman kansu suka ci gaba da karatu ta intanet. Galibin na gwamnati kuwa tsit kake ji, ga kulle, ga yajin aikin malamai wanda bai ƙare ba sai Disamba.

A ganina, shiri ya wuce sayen kwamfuta. Na taɓa zuwa wani ofis neman takarda, na tarar da kwamfutoci jere an lulluɓe su da leda. Aka ce in dawo jibi, wai fayil ɗina yana cikin kabad, mai mabuɗin kuma ya tafi ta'aziyya. Irin wannan ofis, ko an ja masa intanet, aikinsa yana aljihun mutum guda.

Abu uku ke nuna ma'aikata ta shirya. Na farko, wuta da kuɗin data, domin ma'aikacin da wayarsa ta mutu tun hantsi ba ya halartar taron azahar. Na biyu, a kwashe bayanai daga kabad zuwa kwamfuta, a kuma tsare su daga ɓarayin intanet. Na uku, wanda ya fi wuya, shi ne halin shugabanni. Maigidan da ba ya yarda an yi aiki sai ya ga mutum zaune kan kujera, to, zama yake aunawa.

Gobe mu ne za mu riƙe waɗannan ofisoshi. Kada mu jira wata annoba ta koya mana abin da wadda ta wuce ta riga ta koyar. Allah ya sa mu dace, amin.