Wasiƙar mutum ba kayan gwanjo ba ce

Tun daren jiya raina a ɓace yake, kuma kun san hali, in ban amayar da shi a nan ba barci ba zai zo ba. Ƙanena na Ingila ba ya iya wuce kasuwar gwanjo. Kwanan nan ya sayo wani tsohon akwatin ƙarfe don ya riƙa zuba kayan aiki. Da ya buɗe a gida sai ga damin wasiƙu ɗaure da zare, duka na wani saurayi ne matuƙin jirgin yaƙi, yana rubuta wa mahaifiyarsa. A can ƙasa akwai saƙon tangaraho na 1942, irin wanda hukuma ke aika wa iyaye idan ɗansu ya tashi bai sauka ba. Ƙanen nawa ya ɗauki hoto ya jefa a zauren gidanmu na WhatsApp yana neman shawara. Amsar farko da ta shigo ita ce, "Nawa za su saya?"

Nawa za su saya! Takarda da sunan mai ita a baya, da sunan garinsu, da lambarsa ta soja, amma abin da ya fara zuwa mana shi ne kuɗi.

Na ƙura wa hotunan ido. Takardar siririya ce, ta yi ja, ga hatimin mai tace wasiƙun soja. A wani layi an yanke sunan gari da reza, sai rami. Amma yaron ya ba uwarsa labarin wani birni mai ganuwar ƙasa, da ramukan rini, da ƙurar da ke hana ganin ƙasa daga sama. Kowa a nan ya san Kano ake nufi. Daga 1940, da hanyar Bahar Rum ta yi wa Ingila wuya, sai ta riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yau. A can ake haɗa su, a taso ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ta zama Njamena, a ratsa El Fasher da Khartoum, a bi Nilu har Alƙahira. Jirage sama da 5,000 suka bi wannan hanya, kuma ba kowane ne ya kai ba. Wato wataƙila yaron nan ya sha ruwan Kano kafin ajali ya cim masa.

Kawu ya ce, Allah ya ƙara masa lafiya, "Bature ne fa, sojan masu mulkin mallaka, me ya dame ku?" Kawu, da girmanka, amma kai ka karantar da mu hukuncin tsintuwa a zaure: shekara guda ana cigiya kafin a taɓa ta. Ban ji ka ce sai an tambayi addinin mai ita ba. Kai ka ba mu labarin daren Hijira, yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar Sayyidina Aliyu a Makka don ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali masu ajiyar nan cikinsu har da waɗanda ba su bi shi ba. To ina muka samo cewa amana tana da launin fata?

Na san mai zuwa ya ce ai saya ya yi da kuɗinsa. Akwati ya saya. Wanda ya sayar ma da alama bai san me ke ciki ba, irin kwashe kayan gidan da tsohuwa ta rasu ne a yi gwanjonsu gaba ɗaya.

Na kuma san mai cewa, "Namu fa da aka kwasa zuwa Bama, wa ya kawo mana tasu wasiƙar?" Wannan maganar tana da nauyi, ba zan yi mata gardama ba. Dubban 'yan Arewa sun tafi cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, wasu gidajen har yau ba su san inda aka binne nasu ba. Hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth da kanta ta amsa a 2021 cewa ba ta yi wa mamatan Afirka na yaƙin duniya na farko adalci ba wajen rubuta sunayensu. Amma wanda ya san zafin rashin labarin kakansa, shi ne zai riƙe na kakan wani? Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, takardun sallamar soja nawa na tsofaffinmu gara ta cinye a ƙarƙashin gado muna kallo?

Abin da na gaya wa ƙanena ba shi da yawa. Waccan hukumar tana da rumbun sunaye a intanet, mutum kusan miliyan 1.7, kyauta ake dubawa. Ka sa suna da lambar soja, sau da yawa za ta ba ka ranar rasuwa, inda aka binne shi ko inda aka rubuta sunansa, wani lokaci har sunan iyaye da garinsu. Daga nan sai a rubuta wa cocin garin ko ƙaramar jaridarsu, domin irin waɗannan samarin da yawa ba su kai ga aure ba, 'ya'yan 'yan'uwa ake nema. Na ce kada ya manna musu gam ko salatif, kada ya kai a yi musu leda mai zafi, ya bar su a naɗe yadda ya same su, nesa da rana da laima. Kuma ya fara aika saƙo tukuna, kada ya faɗa wa mutane da dami a ƙofar gida. In sun ce ba sa so, sai a nemi gidan tarihi.

Masu shigo mini ta bayan fage kuna cewa in turo hotunan ku gani, ku yi haƙuri, ba zan turo ba, sunansa ma ba zan faɗa ba. Na riga na ce a goge su daga zauren gidanmu. Mu da muka karanta ma mun karanta ne don neman adireshi, dangin yaron ba su gani ba tukuna.